Tabarmar da Baba Ke Rufe Panno da Ita

Ina tsaye a teburin yanka a shagona na ɗinki a Damagaram, na ɗora almakashi a kan shaddar wani ango ke nan, sai salula ta yi ƙara a aljihuna. Ƙanwata Rabi ce daga Matameye. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi lafiyar yara ba, sai kawai ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Ni kuma don ruɗewa na ce, "Wane Baba?" sai ka ce muna da su da yawa. Ta ce, "Baba dai. Ya dawo daga sallar asuba ya ce a ba shi ruwa, kafin Inna ta kawo shi ke nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ban kai ga zama ba ta ƙara da cewa, "Inna ta ce kafin ka taso, kafin ka yi komai, ka sa a kai sanarwa gidan rediyo." Haka kuwa aka yi. Kukan mahaifina sai da ya jira na kira ɗan baffanmu da ke Katsina, na faɗa masa suna da unguwa da lokacin jana'iza, na roƙe shi don Allah ya hau babur ya kai sanarwar da hannunsa.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin matar da mijinta ya rasu, gawarsa ba ta ko huce ba, amma rediyo ne a bakinta. Inna ta san abin da take yi. Akwai mutum ɗaya a duniya da Baba yake so labarin rasuwarsa ya isa kunnensa da wuri, kuma ba mu da wata hanyar samunsa sai wannan.

Mahaifina, Malam Isufu, a ƙuruciyarsa fataucin awaki ya yi. A kasuwar Matameye yake saye, ya kora su da ƙafa ta Ɗan Barto har ya tsallaka iyaka. Da ƙafa ta gaza sai ya koma gonarsa ta gero, a nan ya ƙare. Ba mai yawan magana ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Abin da unguwa ta san shi da shi guda ne: ba a yin jana'iza babu shi. A bayan ƙofar zaurenmu akwai diga da shebur da ba a noma da su, ba a gini da su, na haƙar kabari ne, kowa ya zo ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Na taɓa ganin ya bar shuka rana tsaka, ranar da aka samu ruwan farko, don an ce wani baƙo ya mutu a tasha ba a san danginsa ba. Da Inna ta yi masa ƙorafi cewa laima za ta tafi, sai ya ce, "Gona ta san hanyar gidana. Shi wannan bai san kowa ba." In muka ce za mu yi wa wani ta'aziyya ta salula, sai ya ɓata rai ya ce, "Ta'aziyya ba a aika ta, kai ta ake yi."

Wannan hali yana da asali. Yana da aboki tun na fatauci, Alhaji Mati, mutumin wani ƙauye can bayan Daura. Wata shekara suna kan hanya su uku da wani abokin tafiya, sai ciwon ciki ya kama na ukun a daji, ya rasu a hannunsu. Su biyu suka yi masa wanka da ruwan salkarsu, su biyu suka haƙa, ɗaya ya yi liman ɗaya ya tsaya a bayansa. Baba ya ce da suka juya za su tafi, ba abin da ke wurin sai awaki suna kallonsu. A nan suka yi wa juna alkawari: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan zai zo ya tsaya a kan gawarsa, ko da rarrafe ne. Da tsufa ya raba su da hanya, sai suka yi shiri irin nasu. Akwai wata tashar rediyo ta can ƙetaren iyaka da ke karanta sanarwar rasuwa da hantsi, ana kama ta a ƙauyen Alhaji Mati, ana kama ta a Matameye in an iya juya akwatin. Kowannensu zai riƙa saurare kullum. Iyalan kowa kuma sun san inda za su kai sanarwa. Salula ba ta cikin lissafinsu. Mun taɓa samun lambar wani ɗan Alhaji Mati, daga baya layin ya daina shiga, Baba kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Ai muna da rediyo."

Saboda haka tun ina ganin Baba da ƙarfinsa har idonsa ya fara dushewa, hantsi bai taɓa samunsa a wani wuri ba sai zaure, rediyo a kan gwiwa. Ƙaramin akwati ne mai cin pil, wato ƙananan batura, an ɗaure murfin bayansa da roba. Tashar daga nesa take zuwa, muryar siririya, sai ya juya akwatin ya fuskanci gabas kaɗan sannan ta fito. Da zarar an fara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru, ana kiran mutane." Ko kaza ta san ba ta da izinin kuka a lokacin. Kowane suna aka karanta sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya san shi ko bai san shi ba. In aka gama bai ji sunan abokinsa ba, sai ya kashe ya ce, "To, Mati ya kwana." Daga nan ne zai nemi kunu.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce "na Damagaram". Bai taɓa yaba mini a gabana ba, bai kuma taɓa ce mini abin da na kawo bai yi ba. Wannan kunya ta ɗan fari ita ce ta jefa mu cikin abin da zan faɗa, domin da wani ne cikin ƙannena ya sa masa sola, da a ranar zai kira shi ya wanke shi tas.

Ni na sa. Na ga amfaninta a shagona, na ce me zai hana tsofaffina su huta da fitilar hannu. Na nemi Sanusi mai sola, wanda ke da shago a bakin kasuwar Matameye, mutum mai gaskiya da haƙuri. Ya kawo panno, wato farantin da ke shan rana, ya ɗora a kan rumfar tsakar gida don kada ɓarayi su gani daga waje. Ya ajiye batir a zaure, ya kafa wani ƙaramin akwati a bango wanda suke kira regilata, mai daidaita wutar da ke shiga batir. Ya ja waya daga rumfa ta bi saman zaure, daidai kan buzun da Baba ke zama. Da magariba aka kunna, gida ya yi fes, Inna ta yi ta sa albarka, maƙwabta suka leƙo. Baba ya shafa bango har ya taɓa akwatin, ya ce, "Madalla." Na koma Damagaram ina jin kaina wani babba.

Ba a jima ba Rabi ta kira ni ta ce Baba ya canza. Wai kullum da safe sai ya ɗauki sandarsa da rediyo ya fice, ba ya cewa ina za shi, sai rana ta take ya dawo. Mutumin da ba ya gane fuska sai an yi magana! Wani ya ce ya gan shi a bayan gari, gindin wani gawo a bakin gonaki, zaune shi kaɗai ya manna akwati a kunne. Muka shiga zulumi. Rabi ta ce ruɗin tsufa ne ya fara. Wata gwaggonmu ta ce a nemi rubutu a ba shi. Ni kuma zuciyata ta raya mini fushi yake da mu, na yi ta lalube ko me muka yi. Na zo na zauna gabansa na ce, "Baba, lafiya kake fita?" Ya ce, "Lafiya lau. Iska nake sha." Na ce, "Iskar gida ta ƙare ne?"

Sai da ya faɗa ramin da masu bulo suka haƙa a kan hanyar gawon nan, sannan gaskiya ta fito. Masu amalanke suka kawo shi, gwiwa ta kumbura, rigarsa duk ƙasa, amma rediyo ko ƙwarzane babu, don sama ya ɗaga shi da zai faɗi. Ranar na zo a fusace, ina faɗa ina cewa za a kulle ƙofa. Inna ta ja ni madafa ta ce, "Kai, rage murya. Tun ranar da aka sa wutar nan rediyonsa ba ya magana a gidan nan. Da hantsi ya yi sai wani ƙugi, zzzz, kamar an tara ƙudan zuma a tulu. Maƙwabta ma duk sun sa irinta, shi ya sa sai ya fita gari yake samun tashar." Na ce, "To me ya hana ya faɗa?" Ta ce, "Na ce masa ya faɗa. Cewa ya yi, yaro ya sa mana haske, sai in ce masa ya toshe mini kunne?" Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Ga haushi, ga tausayi, ga kunya, duk a lokaci guda.

Na ce a cire solar gaba ɗaya. Baba ya ji daga ɗaki, ya ɗaga murya ya ce wa Inna, ba ni ba, "Gaya wa na Damagaram ba a cire komai. Ke kina ganin hanyar bayi da dare yanzu." Ga shi ba ya iya fita, ga Alhaji Mati an ce mana tun bara jikinsa ba daɗi. Kowace safiya da ta wuce cikin ƙugin nan, Baba bai san ko an kira abokinsa ba. Ya daina cewa "Mati ya kwana". Kunu ma sai an yi da gaske yake sha.

Daga nan muka shiga neman bakin zaren, kuma in faɗi gaskiya, mun yi ta zagaye ne kawai. Da farko na ɗora wa rediyon laifi, na ce ya tsufa. Na sayo sabo a Damagaram, babba, wanda ake haɗawa da wutar sola ba sai an sayi pil ba. Muka jona shi, ƙugin ya ninka na da. Baba ya saurara ya ce, "Wannan ai ya fi nawa iya zagin mutane." Aka mayar da shi kwali. Wani maƙwabci ya ce dogon ƙarfen salula da aka kafa kusa da tashar mota ne ke shanye muryar. Wani ya ce mutanen tashar ne injinsu ya lalace. To in haka ne, me ya sa take fita a gindin gawo?

Na kira Sanusi. Shi kuma sai ya rufe shago yake zuwa, bayan la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi. Ya kunna rediyo, ba ƙugi, tasha tana fitowa sarai. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Maigida, ni ban ji komai ba." Muna nan har magariba, Inna ta kunna fitilu, sai ga wata 'yar ƙara ta taso. Sanusi ya yi tsalle ya ce ya kama ɓarawon. Ya bi fitilun yana kashewa ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan ampul ɗin zaure, wato ƙwan fitilar, yana kashe shi ƙarar ta ɗauke. Ya ce irin masu arhar nan ne, ya canza wani. Muka yi ta murna, har na saya masa tsire. Washegari da hantsi Rabi ta kira ni ta kara salula a jikin rediyon. Ƙugin na nan daram, ko gezau. Ashe ƙara biyu ce a gidan, ta dare daban, ta rana daban, mu kuwa ta dare muka kashe, wadda ba ta dami Baba ba.

Sanusi ya sake dawowa, da yamma dai, ya ɗaure wata doguwar waya a kan bishiyar dalbejiya ya haɗa da rediyon. Sai aka yi sa'a ko rashin sa'a, damina ta kankama, aka jera kwanaki hadari na rufe sama da safe. Rediyo ya yi ta magana tiryan-tiryan. Muka ce alhamdu lillahi, waya ta yi aiki. Ranar da gari ya washe, rana ta fito ƙwal, ƙugi ya dawo har ya fi na da, don yanzu doguwar wayar ma tana kwaso shi. Kai, na ga ruɗani. Yau lafiya, gobe ba lafiya, ba wanda ya taɓa komai. Sanusi ya cire hula ya sosa kai ya ce shi tunda yake bai taɓa gamuwa da wutar da ke da ranakun fushi ba. Gwaggonmu ta ce ai dama ta faɗa, a nemi rubutu.

Abin da ya warware mana ba dabarar kowa ba ce. Wata safiya akuya ta yi fitsari a tabarmar Inna. Ta wanke, ta duba inda za ta shanya ba ta samu ba, sai ta wurga ta kan rumfa, ta faɗa a kan panno ta rufe shi ruf. Baba na zaure yana fama da ƙugi, sai kawai ya ji murya ta fito tas, ana cewa Allah ya yi wa wane rasuwa. Ya ƙwala kira, "Me kika taɓa?" Inna ta ce, "Ni ban taɓa komai ba, shanya na yi." Ya ce, "Janye shanyar." Ta janye, ƙugi ya dawo. Ya ce, "Mayar." Ta mayar, murya ta dawo. Rabi ta ce sun yi haka har Inna ta gaji ta ce ita ba 'yar aikin gidan rediyo ba ce. A ranar, da aka gama sanarwa, Baba ya kashe akwati ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To, Mati ya kwana." Ya shanye kununsa har ya nemi ƙari.

Da na faɗa wa Sanusi, ya bar shagonsa ya zo da hantsi, karo na farko. Ya ɗauki ƙaramin rediyon yana yawo da shi a gidan. Yana matsawa kusa da regilata ƙugin na ƙaruwa, yana bin wayar da ta bi saman zaure ƙugin na bin sa. Ya ce to, yanzu ya gane. Akwatin nan, in rana ta yi ƙarfi batir ya kusa cika, yanka wutar yake yi gutsi-gutsi da sauri, wayar kuma ta watsa wannan ƙarar a iska, ga ta daidai kan Baba. Tasha mai ƙarfi ta kusa ba ta jin komai, amma mai zuwa daga nesa sai ta nutse. Ya sauke wayar ya murɗe ta biyu kamar igiya, ya canza mata hanya ta bayan ɗaki, ya mayar da batir da akwatin can kusa da rumfa. Ya ciro wasu baƙaƙen zobba daga tsohuwar talabijin ya naɗa wayar a jikinsu, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaure. Ƙugin ya ragu sosai, amma bai mutu ba. A ƙarshe ya sa makunni, ya ce in lokacin sanarwa ya yi a kashe panno, in an gama a kunna.

Baba ya saurari bayanin nan duka, ya yi godiya, ya sa wa Sanusi albarka. Washegari ya ce a ɗora tabarma. Na ce, "Baba, ga makunni, danna shi kawai za a yi." Ya ce wa Inna, "Gaya masa abin da hannuna bai shafa ba ban yarda da shi ba." Haka aka ci gaba. Kullum da hantsi sai ya dogara sanda ya zo gindin rumfa, Inna ta wurga tabarma, shi kuma ya miƙa hannu ya shafa gefenta ya tabbatar ta rufe, sannan ya koma zaure. Baƙo in ya zo ya ga an saya wa gida abin shan rana an kuma lulluɓe shi da rana tsaka, sai ya yi ta kallonmu. Mun gaji da bayani, muka riƙa cewa panno ne ke hutawa.

Ranar da ya rasu, motar da na shiga daga Damagaram ta yi ta tsaye-tsaye a hanya, amma na iso da hantsi. Na tarar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, zaure cike da mutane. Inna na zaune cikin mata. Can sai ta miƙe, ta ɗauki tabarma ta nufi rumfa. Mata suka riƙe ta suna zaton hankalinta ne ya gushe. Ta ce, "Ku sake ni, lokaci ya yi." Ta wurga, Rabi ta kunna rediyon Baba ta juya shi gabas. Muna tsaye muka ji an karanta sunan Malam Isufu na Matameye, za a yi jana'iza bayan azahar, ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman Alhaji Mati. Muryar ta fito tas, ko ɗigon ƙara babu. A nan ne na yi kukan mahaifina.

Aka yi azahar, Alhaji Mati bai zo ba. Liman ya dube ni. Na ce a ɗan ƙara jira, hanya ce, ga iyaka. Na aika a duba tasha, duk motar da ta shigo daga Ɗan Barto a leƙa. Ba shi. Rana ta karkata, ga zafi, mutanen ƙauyuka na son komawa. Liman ya kira ni gefe ya ce, "Laminu, na san alkawarin nan, mahaifinka ya faɗa mini da bakinsa. Amma haƙƙin mamaci a gaggauta shi. Shi da kansa bai taɓa yarda a ajiye gawa don jiran wani ba." Gaskiya ya faɗa. Da la'asar muka sallace shi. Sahu ya kai har bakin titi, mutanen da ban taɓa gani ba, kowa na cewa ya tsaya wa ubansa ko ya haƙa wa ɗansa. Ni kuwa ina sahun gaba ina waiwaye har aka yi kabbara. Da digarsa da sheburinsa aka haƙa masa.

Kwanakin zaman makoki na yi su ne cikin tambayar da ba ni da mai amsa mini. Ko Alhaji Mati ya riga shi ne, a cikin safiyoyin nan da ƙugi ya cinye, daga baya Baba ya yi ta cewa ya kwana alhali yana ƙasa? Ko yana kwance ba ya iya tashi? Ko kuwa ya ji ya ƙi zuwa? Wannan ta ƙarshen ko a zuci ba na son ta, amma ta zo.

Bayan an yi sadakar bakwai, mutane sun watse, ina zaure ina shirin komawa, sai ga babur ya tsaya. Aka sauko da wani tsoho dogo, ramamme, jikansa na riƙe da shi. Tun kafin ya yi sallama na gane Alhaji Mati ne. Wani mai sayen awaki ne ya faɗa masa rasuwar Baba a kasuwarsu, a cikin hira, yana zaton ya sani. Ya zauna a kan buzun Baba. Sannan ya ce, "Laminu, kun sa a rediyo?" Na ce, "Mun sa, Baba Alhaji. Har sunanka aka kira." Ya ce, "Wallahi kullum ina zaune. Ban taɓa tsallake hantsi ba. Amma tun da yaran nan suka sa mana wutar rana, akwatina ba ya faɗin komai sai ƙugi. Na zaci tashar ce ta tsufa kamar mu. Ina kasa kunne ina cewa in dai sunan Isufu ne, ko a cikin ƙugin zan gane shi."

Duk wahalar nan da muka sha, da faɗuwa a rami, da Sanusi, da tabarma, kunnen wannan gefen muke ta gyara. Ko sau ɗaya bai faɗo wa ɗayanmu ba, har shi Baban, cewa can ma akwai rana, can ma akwai 'ya'ya masu son iyayensu su ga haske. Har yau in na tuna ban san wa zan ce ya yi kuskure ba.

Ya ce a kai shi maƙabarta. Muka tafi a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Da muka isa ya saki hannun jikansa, ya tsaya da ƙafarsa a gefen kabarin, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, sai ya sunkuya ya dafa ƙasar ya ce, "Isufu, ga ni na zo. Ban ji ba ne." A hanyar dawowa, don in rage masa nauyi, na ce masa abin yana da magani, in hantsi ya yi a rufe pannon da tabarma, murya za ta fito. Jikan ya ce zai yi tun gobe. Alhaji Mati ya girgiza kai ya ce, "Bar shi, ɗana. Yanzu kuma sunan wa zan zauna jira?"

Ya Allah, ga bawanKa Isufu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi cikin waɗanda Ka yarda da su. Yadda ya raka bayinKa, na gida da baƙi, Ka sa mala'ikun rahama su karɓe shi. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, Ka rufa mata asiri a sauran kwanakinta. Ka haɗa kanmu mu 'ya'yansa, Ka ba mu ikon riƙe zumuncin da ya bari. Ka saka wa duk wanda ya tako ya tsaya a kansa da alheri. Alhaji Mati kuma, Ka sanyaya masa zuciya, Ka rubuta masa ladan alkawarin da ya zauna yana tsaro, Ka sada shi da abokinsa a Aljanna. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.